Daga Tabanni zuwa Akra: Ziyarar tsofaffin abokai a bakin tekun Gana

A ce mutum ya tashi daga Tabanni, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari a Jihar Kaduna, da niyyar zuwa Akra, babban birnin ƙasar Gana, don ya gano tsohon abokinsa. Iyakokin ƙasa uku ne a gabansa. Kuɗin aljihunsa zai sauya suna sau biyu, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi. Agogonsa ma sai ya mayar da shi baya da awa ɗaya.

Sai dai tsawon shekaru, ba waɗannan ne ke hana mutumin Birnin Gwari barci a daren da zai yi tafiya ba. Fita daga gida ce matsalar. Titin Birnin Gwari zuwa Kaduna, mai tsawon kimanin kilomita 120, da wanda ya nufi Funtuwa, sun daɗe a hannun 'yan bindigar da suka yi sansani a dazuzzukan yankin. An yi lokacin da motoci ba sa bin hanyar sai da rakiyar jami'an tsaro. Wanda zuwa Kaduna ya gagara, ina zancen zuwa Gana?

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu da ta shafe kusan shekara 10 a rufe, bayan sulhun da aka ƙulla da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai. Motoci sun dawo kan hanya, ko da yake ba wanda ya daina tambayar direbobi labarin hanya kafin ya hau. Da wannan ɗan sararin ne ziyarce-ziyarcen da aka jingine suka sake zama abin da za a iya sa wa rana.

Hanyar ta girmi mota

Mai wannan tafiya ba sabuwar hanya yake buɗewa ba. A 1826, Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, yana kan hanyarsa daga bakin teku zuwa Kano. A garin Kaiama ya gamu da ayarin fataken Hausawa, maza da mata sama da dubu, suna dawowa daga Gwanja da kayan goro. Bayan ya ƙetare Kogin Kwara, ta tsohon garin Birnin Gwari ya bi ya shiga Zariya. Wato ƙasar Birnin Gwari tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da suka haɗa ƙasar Hausa da ƙasar goro.

Fatake kan tafi da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su shafe watanni kafin su isa Salaga, babbar kasuwar Gwanja da ke arewacin Gana ta yau. Duk inda ayari ya yada zango a bayan gari, wasu kan zauna su ƙi gaba. Daga nan kalmar ta samo asali: har yau duk unguwar baƙi Musulmi a Gana sunanta zango, mutanen ƙasar kuma su ce zongo.

Abin da ya gangaro da Hausawa bakin teku kuwa abu uku ne. Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, har da taimakon sojojin da Kyaftin John Glover ya tara a Legas, waɗanda ake kira Hausawan Glover. Sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, malamai da 'yan kasuwa suka watsu. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Na uku, jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka karɓe dakon goro: a loda shi a gaɓar Gana zuwa Legas, daga can dogo ya kai shi Kano. Jaki ya rasa aiki, ciniki ya koma bakin ruwa.

Tsofaffin fatake ba Akra suke ce wa garin ba. Ankara suke cewa, daga Nkran, sunan da masu jin harshen Twi ke kiran sa. Don haka idan dattijo ya ce ya yi zaman Ankara, kada a ɗauka Turkiyya yake nufi.

Makonni biyu da suka raba abokai

Yawancin abotar da ake zuwa rayawa a yau tana da tabo guda, kuma tabon yana da kwanan wata. Ranar 18 ga Nuwamban 1969, gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama makonni biyu ya fice daga Gana. Sama da mutum dubu ɗari suka kama hanya, mafi yawansu 'yan Najeriya. An karyar da gidaje da shaguna a farashin banza. Wasu da aka kora a Gana aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce shi ne nasu ba.

Yaran da suka yi makarantar allo tare a Sabon Zango ko Nima, ɗaya ya tsinci kansa a Kano ko Zariya ko wani ƙauye a Arewa, ɗayan ya zauna saboda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce ko don mahaifinsa ya samu takarda.

Bayan shekara 13 Najeriya ta rama. A Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, kuma kusan 'yan Gana miliyan ɗaya suka koma gida. Jakar da suka zuba kayansu a ciki ita ce har gobe ake kira Gana-mas-go. Abin dariyar shi ne, da wuya mai zuwa ziyara Akra daga Arewa ya tafi ba da irin wannan jaka ba, cike da tsaraba.

Wanda yake ɗan shekara 15 a 1969 yanzu ya kai 70. Wayar salula ta taimaka, domin saƙon murya na WhatsApp ya haɗa mutane da dama da suka yanke ƙauna da juna. Amma murya ba ta maye gurbin musafaha. Kuma duk shekarar da aka ɗage tafiya, ana ƙara kusantar ranar da ziyara za ta koma zuwa ta'aziyya.

Yadda ake zuwa

Tsohon titin Kaduna zuwa Legas ta cikin Birnin Gwari ya ratsa, ya bi Tegina da Mokwa da Jebba da Ilori da Ibadan. Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma yini guda yake ci, wani lokaci har da dare, saboda tsaye-tsaye. Ana fita Najeriya ta Seme, a ratsa Kwatano, a shiga Togo, a wuce Lome, sannan a shiga Gana ta Aflao. A jirgin sama kuwa, Legas zuwa Akra kusan awa ɗaya ce.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga waɗannan ƙasashe ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Abin da ake buƙata shi ne fasfo mai rai da katin shaidar rigakafin zazzaɓin shawara. Wanda ya raina katin nan zai gane kurensa a bakin iyaka. Hanyar arewa ta Nijar da Burkina Faso, wadda ta fi kama da ta fataken da, a yanzu ba ta da daɗin bi: ga matsalar tsaro, ga shi ƙasashen biyu sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Wani abu da ke rikita baƙo shi ne lissafin kuɗi. A 2007 Gana ta cire sifiri huɗu daga kuɗinta, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya. Har yanzu akwai tsofaffin da ke faɗin farashi da tsohon lissafi. Idan mai koko ta ambaci dubbai, a tambaya da kyau kafin gaba ya faɗi.

Sauka a zango

Baƙon da ya zo wurin aboki ba ya sauka a otal, ko da yana da kuɗin. Yin hakan cin fuska ne. Tsarin maigida da baƙonsa, wanda fatauci ya ginu a kansa, yana nan: mai masauki ne zai ba da ɗaki, ya kai baƙo ya gaida manya, ya tsaya masa idan wani abu ya taso.

Unguwannin da aka fi sauka su ne Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina. Sabon Zango ita ce ta fi tarihin Hausa zalla. Malam Baƙo ne ya kafa ta a farkon shekarun 1910, a filin da ya samu daga sarakunan Ga, 'yan asalin Akra. Mahaifinsa, Malam Na'inno, daga Katsina ya zo, kuma yana cikin waɗanda suka kafa tsohon zangon da ke tsakiyar gari. Nima kuwa ta taso ne a shekarun 1930, ta zama matattarar kowa: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosawa, Dagomba, Kotokoli, Wangarawa. Harshen da ya haɗa su duka Hausa ne.

Sai dai Hausar ba irin ta Birnin Gwari ba ce, kuma a nan raha ke farawa tsakanin tsofaffin abokai. Gananci ba ya damuwa da bambanta namiji da mace, sai a ji an ce wa mace ya zo. Harafin k kan koma c a wasu kalmomi, kyau ya zama cau, aboki ya zama aboci. Ga kalmomin Turanci da na Twi da aka cusa ko'ina. Baƙo zai yi dariyar Hausar jikokin abokinsa, su kuma su yi dariyar tasa, su ce irin ta finafinan Kano ce. Gidan rediyon gwamnatin Gana yana da sashen Hausa, duk da cewa Hausa ba ta cikin harsunan asalin ƙasar.

Kwanan farko ba na yawo ba ne. Na lissafi ne. Bayan an ci abinci an yi sallah, sai a zauna a ƙofar gida a fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya: wane fa? Ya rasu shekarar kaza. Wance fa? Tana Kumasi wurin 'ya'yanta. Malamin da ya koyar da su allo fa? Sai a ɗaga hannu a yi addu'a. Mai masauki shi ma yana da nasa tambayoyin, domin labarin Birnin Gwari ya isa zango ta rediyo da waya: gonar nan ana noma ta kuwa? Su wa aka ɗauka, su wa suka dawo? Sau da yawa baƙon da ya zo hutu shi ne ake yi wa jaje.

Washegari a zaga gidajen ta'aziyyar da ta taru shekara da shekaru. Tsarabar da aka zo da ita, hula da turare da dabino da kuka da daddawa, a nan take ƙarewa.

Abinci kuwa ba zai ba shi wahala ba, domin rabin abincin titin Akra sunan Hausa yake amsawa. Waakye, abincin safe da 'yan Gana ke alfahari da shi, shinkafa da wake ce, sunan ma daga wake aka samo shi. Kokon gero mai yaji Hausa koko suke ce masa, ana sha da ƙosai. Akwai tuwon zafi, akwai fura, zoɓo kuma ya koma sobolo. Mai tsire a bakin titi, ko daga wace ƙabila yake, aboci ake kiran sa. Abin da zai zame wa baƙo sabo shi ne dokunu, ƙullin masara mai tsami da ake ci da soyayyen kifi da baƙin yajin da ake kira shito.

Matasan gidan kuma ba za su bari a bar Nima ba sai sun nuna filayen da Mohammed Kudus ya taso yana buga ƙwallo, kafin ya tafi Ajax da West Ham.

Ranar ganin teku

Ga mutumin da ya tashi a tsakiyar daji, wanda babban ruwan da ya sani shi ne kogi da dam, ganin teku ba ƙaramin abu ba ne. Ruwa ne da ba a hango ƙarshensa, kuma ba ya yin shiru dare da rana.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne Jamestown, tsohuwar unguwar masunta. Akwai doguwar hasumiya mai launin ja da fari da aka gina a shekarun 1930 don haska wa jiragen ruwa hanya. A ƙasanta ga kwale-kwale masu zane-zane jere a kan yashi, mata na ƙyafe kifi, maza na ɗinkin koma. Wanda ke son ganin hada-hadar kamun kifi kada ya je ranar Talata, domin a al'adar masuntan Ga ba a shiga teku a ranar.

A nan kusa akwai manyan gidajen ganuwa da Turawa suka gina. Mutanen Holan sun gina wanda ake kira Ussher Fort a 1649, Ingilishi suka gina James Fort a 1673, sai na Osu da ke gabas, wanda mutanen Denmak suka riƙe, daga baya ya zama fadar gwamnatin Gana har zuwa 2013. Hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. A James Fort aka tsare Kwame Nkrumah, daga nan aka sake shi a Fabrairun 1951 bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe.

Amma aikin da aka fi sanin waɗannan gine-gine da shi tun farko shi ne tara bayi kafin a loda su a jirgi. A nan ya kamata Bahaushe mai yawon buɗe ido ya ɗan rage murna da tarihin fatauci. Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, babbar kasuwar bayi ce, kuma hanyoyin da suka ɗauki kanwa da goro sun ɗauki mutane. An sayar da Hausawa, Hausawa ma sun saya sun sayar. Wanda ya fito daga yankin da aka yi shekaru ana sace mutane ana sa musu farashi, ba ya buƙatar mai jagora ya yi masa dogon bayani a cikin waɗannan ɗakuna masu duhu.

Kaɗan daga nan akwai gidan da ake kira Brazil House. Na zuriyar Tabom ne, 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19 suka zauna a Akra, wasunsu Musulmi. Unguwar Bukom ma tana nan kusa, mahaifar 'yan damben zamani irin su Azumah Nelson da Ike Quartey. Mai sha'awar damben gargajiya zai ji kamar yana gida.

Daga Jamestown, titin bakin teku zai kai mutum makwancin Nkrumah, a filin da ya tsaya ya shelanta 'yancin Gana ranar 6 ga Maris 1957. An gyara wurin an sake buɗe shi a Yulin 2023, kuma ana biyan kuɗin shiga. Gaba kaɗan sai dandalin Black Star, inda a da aka saba yin faretin ranar 'yanci. Waɗannan biyun awa biyu sun ishe su, hoto ne kawai ake ɗauka a wuce.

Masu son taka ruwa Labadi ake kai su. Gargaɗi ɗaya ne, kuma mai masauki zai maimaita shi: igiyar ruwan wannan gaɓa tana ja da ƙarfi, iya iyo a kogi ba ya nufin iya teku. A tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Dattawa da yawa ma ba sa son Labadi a ƙarshen mako saboda kiɗa da irin shigar masu wanka, sun fi son zuwa da sassafe a ranar aiki.

Juma'a a Kanda

Duk yadda aka tsara kwanakin, a bar Juma'a ga Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, dab da Nima. Wata gidauniyar Turkiyya ce ta gina shi da fasalin masallatan Istanbul, aka buɗe shi a Yulin 2021. Yana ɗaukar masallata kusan 15,000, kuma hasumiyoyinsa huɗu ana hango su daga nesa.

Sunan da baƙo zai yi ta ji a zango shi ne na Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Akra a 1919, ya zama Babban Limamin Gana a 1993. A 2019, lokacin da ya cika shekara 100, ya halarci wata majami'ar Katolika a Akra a ranar Ista, hotunan suka zaga duniya. Musulmi ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar Gana ba, amma ƙaramar Sallah da babba duk ranakun hutu ne. Ga wanda ya fito daga Jihar Kaduna, wadda ta sha rikicin addini, wannan zama abin tsayawa a duba ne.

Hakan ba ya nufin zango aljanna ce. Nima cunkushe take, lunguna matsattsu, magudanan ruwa a buɗe, matasa da yawa ba aikin yi. Gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa asusun raya zangonni a 2017, amma mai ido zai ga da sauran aiki. Damina a watannin Mayu da Yuni kan zo da ambaliya. A daidai wannan lokaci ne kuma sarakunan Ga ke hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda gabanin bikinsu na Homowo, dokar da ke shafar lasifikar masallatai da majami'u.

Sannan ziyara daban, kasuwanci daban. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwanni ga 'yan ƙasa, kuma a kanta aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a 2019 da 2020. Wanda ya ga garin ya yi masa, har ya fara tunanin kafa tebur, ya fara tambayar mai masaukinsa.

Ranar komawa, jakar Gana-mas-go ba ta tafiya wayam. Za a cika ta da atamfa da sabulun salo da cakulan da kwalbar shito, da ɗan ƙullin goro na dattawan gida. Mai masauki zai raka baƙonsa har tasha, ya tsaya sai mota ta tashi. Daga Akra zuwa Aflao awa uku ce zuwa huɗu, kuma tun kafin a isa iyakar wayar baƙon za ta fara ƙara: mutanen Tabanni ne ke tambayar ranar isowarsa, shi kuma yana tambayarsu lafiyar hanya.